Sai Da Ruwan Ciki Ake Jan Na Rijiya: Martani Ga Mai Ɗora Yunwar Gida A Kan Matan Gida

Na karanta rubutun da wani malami ya yi kwanan baya a kan cefane da riƙon gida a wannan zamani na tsada. Na karanta sau biyu, sannan na ɗauka na tafi wurin yayata na karanta mata da baki, domin ita allo ta yi, ba ta shiga boko ba. Tana tankaɗe tana saurare, ba ta katse ni ba har na kai ƙarshe. Sai ta kakkaɓe rariya ta ce, "To shi malamin, buhun da ya ce a saya da kaka, wa zai ba ni kuɗinsa? In ma an ba ni, a ina zan jingine shi?" Wannan tambaya tata ce ta sa na ɗauki alƙalami.

Ga waɗanda ba su ga rubutun ba, abin da Malam ya tsaya a kai shi ne, yunwar da ake kuka da ita a gidajen Gusau da kewaye, mafi yawanta rashin tattali ne ya kawo ta. A ganinsa matan yanzu ba su iya riƙon gida irin na iyayenmu ba. Ya ba da shawara a riƙa sayen hatsi buhu-buhu lokacin kaka, a shuka zogale da alayyafo a bayan ɗaki, a bar shayi da burodi, a rage mai da ɗanɗano a miya, uwargida kuma ta riƙa rubuta duk abin da ta kashe. Ya rufe da cewa macen da ta iya tattali, komai ƙanƙantar abin da miji ya ajiye mata, ba za a kwana da yunwa a gidanta ba.

Malam, na yarda alheri ka nufa. Amma wannan magana taka ta ƙarshe ba gaskiya ba ce, kuma illarta a kan wuyan wadda ba ta da bakin kare kanta take sauka.

Yayata a Karakkai aka yi mata aure, cikin ƙasar Bunguɗu. Na san gidan tun ina yarinya, domin can nake zuwa hutu. Rumbu biyu ne a tsakar gidan, ɗaya na gero ɗaya na dawa, ga wake da gyaɗa a ɗaki, ga awaki a turke. A wancan gida kalmar cefane ba ta wuce gishiri da manja da kanwa ba, sai ɗan nama ranar kasuwa. Kuka da kuɓewa da yakuwa ita ke shanya abinta, daddawa ita ke yi. Ba masu kuɗi ba ne, amma ban taɓa jin an tambayi me za a ci gobe ba. Yau tana ɗaki ɗaya na haya a bakin garin Gusau, ita da maigidanta da 'ya'ya shida da uwar miji. Abin da ya raba su da Karakkai, wato 'yan bindiga, kowa a Zamfara ya san shi. Maigidan da ke noma abin da zai ci shekara har ya fitar da zakka, yanzu dako yake yi a kasuwa. Ita kuwa macen ba ta canja ba. Hannun da ya riƙe wancan gida shi ne dai yake riƙe da wannan.

Bari in nuna maka yadda yininta yake, tunda mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Maigida na fita da asuba ba tare da ya ajiye komai ba, domin babu abin ajiyewa. Da safe yara na karyawa da ɗumamen jiya in ya yi saura, in bai yi ba ta jiƙa ƙanzo ta marmasa masa ƙuli-ƙuli. Da rana sau da yawa ba a ɗora tukunya. Kuɗin cefane sai bayan la'asar suke isowa, wani lokaci a hannun yaro, wani lokaci sai maigidan ya dawo da kansa gab da magariba. A lokacin ne za a ruga wurin mai awo a auno rabin tiya ta masara, a kai niƙa, a sayo ƙullin kuka da ƙullin daddawa da manja na cokali. Ta daina surfe, domin dusar da za ta fita ita ma ciki take so. In ta sauke tuwo sai ta zare sauran itacen daga murhu ta yayyafa masa ruwa, gawayin ta tara shi a tsohon kwano don dama kunun safe. Ita ke rabo, kuma na lura da ita ba sau ɗaya ba: malmalar uwar miji, ta maigida, ta yara, sannan ta kankare gindin tukunya. In ka tambaye ta nata sai ta ce ai ta ci wurin girki.

A cikin wannan yini, Malam, nuna mini inda almubazzarancin yake. Nuna mini abin da za ta rubuta a littafin lissafi wanda ba ta riga ta haddace shi ba.

Batun sayen buhu da kaka shi ne ginshiƙin rubutunka, don haka zan daɗe a kansa. Ba wanda ya musa cewa hatsi ya fi araha da kaka, kuma mai sayen buhu ya fi mai sayen tiya riba, mai tiya ya fi mai gwangwani. Matan da kake wa nasiha sun fi mu sanin haka, domin su ne kullum ke biyan bambancin. Talaka ya fi kowa sayen abinci da tsada, tunda ƙulli-ƙulli yake saye, kuma kowane ƙulli da ribar mai ƙullawa a ciki. Amma sai da ruwan ciki ake jan na rijiya. Mai albashi na iya cin bashi ya sayi buhu ya biya a hankali. Wanda samunsa na yini ne, kuma cikin mutum tara ke jiran samun kafin dare, ta ina zai tara kuɗin buhu? Duk naira da ya ɓoye yau, daga bakin yaro ya cire ta.

Ko a ƙauyen ma, ga waɗanda suka daure suka zauna, lissafin kaka ya juye. Manomi ya ci bashin taki, ya ci bashin abin da aka ci da damina, a wurare da dama cikin Tsafe da Bunguɗu da Maru kuma an ɗora wa gari harajin da sai an biya 'yan bindiga kafin a shiga gona, wani lokaci a sake biya kafin a yi girbi. Da an sheƙe hatsin sai a kai shi kasuwa a sayar da arahar kaka don a biya waɗannan, sannan in bazara ta yi a dawo a saye shi da tsada a hannun wanda ya tara. Mai saye da kaka shi ne mai jari da sito a birni. Wanda kuma Allah ya ba ikon cika rumbu a ƙauye, bai tsira ba, domin rumbu cikakke ya zama abin da ke jawo ido. An sha kwashe rumbuna, an sha cinna musu wuta. Akwai kuma kuɗin fansa, wanda in ya faɗo wa gida, hatsi da dabba da gona duk tafiya suke yi a mako guda. Ba ka ambaci ko ɗaya daga cikin waɗannan ba, alhali su ne suka cinye abin da kake cewa a yi tattalinsa.

Shukar bayan ɗaki shawara ce mai kyau ga mai bayan ɗaki. Yayata haya take, tsakar gidan na iyali biyar ne, ruwan sha ma a wurin 'yan ga-ruwa ake saye jarka-jarka. Ganyen da a da ake tsinkowa kyauta a bakin gona, tafasa da rama da yaɗiya, yanzu kuɗi ake sa wa, domin dajin da ake tsinko su ya fi ƙarfin mace. Itace ma haka.

Ka yi magana kamar tsadar wani ƙorafi ne na baki. To ga abin da hukuma da kanta ta faɗa. Ranar 29 ga Mayun 2023 Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin man fetur. Litar da ba ta kai naira 200 ba kafin ranar, kafin ƙarshen 2024 ta haura naira 1,000. Man nan shi ne motar da ke ɗauko hatsi daga ƙauye, shi ne injin niƙa, shi ne injin ban ruwa na mai tumatir da albasa. A tsakiyar Yunin 2023 aka saki darajar naira, taki da magani suka bi ta. A tsakiyar 2024 Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce hauhawar farashin abinci ta haura kashi 40 cikin ɗari a shekara. Hukumar tana kuma fitar da wani lissafi na mafi ƙarancin abin da baligi ɗaya zai kashe a yini ya ci abinci mai gina jiki, in ya zaɓi mafi araha a kasuwa. A tsakiyar 2024 ɗin lissafin ya haura naira 1,200 a matsakaicin ƙasa. Mafi ƙarancin albashi da aka sa wa hannu a Yulin shekarar naira 70,000 ne. Raba shi kwana 30, za ka samu kusan naira 2,300 a yini, wato bai cika abincin manya biyu ba, ba a yi maganar yara ba, ba haya, ba magani, ba itace. Wannan fa mai albashi ke nan. Mai dako da mai ga-ruwa da bazawara mai wankau ba su san ranar biya ba. Ko da hatsi ya ɗan sauko daga baya, bai sauko zuwa inda hannun waɗannan yake ba. A Kano har shinkafar da injin ya tsame, wadda ake kira afafata, a da abincin kifi, mutane suka koma saye suna dafawa. Wanda ya kai ga cin afafata ya wuce a koya masa tsimi.

Mu a Zamfara muna da namu ƙarin a kan na ƙasa. A Satumbar 2021 gwamnatin Bello Matawalle ta rufe kasuwannin mako-mako, aka kuma katse layukan waya a faɗin jihar, duk da niyyar takura wa 'yan bindiga. Ba na jayayya da niyyar. Amma macen da ke kiwon akuya don ranar buƙata ta rasa inda za ta sayar, wanda ɗansa ke turo masa ɗan abu daga Legas ko Abuja ya rasa hanyar ji daga gare shi. Farkon 2023 aka shiga ƙarancin takardun kuɗi na canjin naira, har jiharmu da Kaduna da Kogi suka kai ƙara Kotun Ƙoli. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan ya ci ɗan jarin da mata ke juyawa a cikin gida, na ƙosai da awara da ƙuli-ƙuli, kuma jarin da aka cinye ba ya dawowa don an buɗe kasuwa.

Sai batun iyayenmu, da ka ce sun fi matan yanzu iya riƙon gida. Allah ya jiƙan iyayenmu, sun iya. Amma sun iya ne a kan rumbu. Ran da rumbun ya ƙare su ma sun ji jiki, kuma sun bar mana sunayen shekarun: Kakalaba ta 1914, 'Yar Buhu ta 1927, da farin da aka yi a farkon shekarun 1970 wanda tsofaffinmu ke ba da labarinsa har yau. Ba mu taɓa jin an ce matan wancan lokaci ne suka kasa tattali ba. An ce ruwa ne bai sauka ba, ko fara ce ta ci. Akwai ma wadda ta fi taɓa mini zuciya, yunwar 1942, wadda mutanen ƙasar Katsina suka laƙaba wa 'Yar Gusau, domin nan ake tahowa neman hatsi. Garin da wasu suka taɓa dosa don su tsira daga yunwa, jihar da tun kafa ta a 1996 take kirari da noma, yau manomanta ne ke layi wurin mai awo da kuɗin rabin tiya. Ruwa na sauka, ƙasa na nan da albarkarta, daga Ɗansadau har fadamun Bakolori. Hanyar gona ce ta toshe. Ɗansadau da ke cika kasuwar Gusau da hatsi, an kai lokacin da sai da rakiyar sojoji motoci ke shiga da fita. Wanda ya tsallake wannan ya je ya tsaya a kan cokalin man da uwargida ta zuba a miya, ya bar jaki yana dukan taiki.

Ba zan ce babu gaskiya ko kaɗan a maganarka ba. Akwai ɓarna a cikinmu. Akwai bikin da ake cin bashi don anko da gara, akwai gidajen da ake zubar da shinkafa a kwata alhali maƙwabci bai ɗora tukunya ba. Wannan abin faɗa ne, kuma in ka rubuta a kansa ina bayanka. Sai dai ka duba gidajen da ake yin haka, ba su ne ake kwana da yunwa a cikinsu ba. Kuma tunda ɓarna ake nema, me ya sa idonka bai kai teburin mai shayi ba? Ka zaga Tudun Wada ko Sabon Gari bayan isha'i ka ga magidanta nawa ke cin Indomie da ƙwai ko tsire su kaɗai, bayan sun bar wa gida abin da bai kai kuɗin farantin ba. Ba duka maza ba, mijin yayata da yunwarsa yake dawowa ya ci abin da yara suka ci. Amma akwai su, kuma matansu sun san su. A fiƙihun Malikiyya da muke bi, ciyar da iyali wajibin miji ne gwargwadon halinsa. Rubutunka ya ɗauke nauyin daga inda shari'a ta ajiye shi ya aza wa wadda aka ce a ciyar.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne shawarar a rage mai da kayan haɗi. A gidan mai hali wannan gyaran lafiya ne. A gidan da tuwon masara da miyar kuka ne abincin yau da gobe da jibi, ɗan manjan nan da ƙuli-ƙuli da daddawa da ɗan wake su ne kaɗai abin da ke gina jikin yaro. In aka cire su saura gaya. Uwar da aka gaya wa cewa iya tattali shi ne ta sa abu kaɗan ya isa, abin da za ta yi shi ne ta ƙara wa kunu ruwa. Cikin yaro zai cika, ya yi shiru, ya yi barci, jikinsa kuwa yana zubewa a hankali har gashi ya yi ja, ƙafa ta kumbura. Tamowa ke nan. A 2024 ƙungiyar likitocin nan ta Na-gari Na-kowa, wato MSF, tare da ma'aikatar lafiya ta jiha, sun auna yara 'yan ƙasa da shekara biyar a ƙananan hukumomin Shinkafi da Zurmi, suka tarar kusan ɗaya cikin kowane huɗu na fama da ita. Uwayen yaran nan ba ɓarna ce ta kai su asibiti ba. Sun miƙe abin da ba ya miƙuwa ne har ya tsinke a jikin 'ya'yansu.

Akwai kuma wata illa da wataƙila ba ka hango ba. Rubutu irin naka ba ya tsayawa a takarda. Wani maigida zai ji shi a majalisa, ya koma gida ya ajiye kuɗin da ya san ba za su isa ba, in an yi magana ya ce ai malamai ma sun faɗa, mace ta gari ba ta rasa dabara. Aure nawa ne ya mutu a kan kuɗin cefane a shekarun nan? Alƙalan kotunan shari'a da masu unguwanni sun fi ni sani. Ka ba mai neman hujja hujja, ka ƙara wa mai ƙoƙari zargin kanta.

Dabarun da ke aiki, matan sun riga mu gano su, kuma duk na haɗin kai ne. A gidan hayar da yayata take, mata huɗu kan haɗa kuɗi su auno tiya biyu tare su kai niƙa sau ɗaya, su raba gari. Kan murhu ɗaya ake jera girki don kada wuta ta tafi a banza. Akwai masu adashen hatsi maimakon na kuɗi, kowace ta zuba gwangwani a yini. Wata ma'aikaciyar lafiya ta koya musu haɗa gero da waken suya da gyaɗa a soya a niƙa a riƙa dama wa yara, kuma ya yi amfani ƙwarai. Da irin wannan ka tattaro ka yaɗa, ka ƙara da kiran iyaye su kai yaro asibiti da zarar sun ga yana ramewa, da na yi maka godiya. Amma ko su ɗin jinkirta yunwa suke yi. Ranar da maigida ya dawo hannu rabbana, babu dabarar da ke dafa ruwa ya zama tuwo.

Don haka alƙalaminka, Malam, ka juya shi inda zai yi amfani. Ka rubuta wa Gwamna Dauda Lawal da gwamnatin tarayya cewa babu tallafin abinci da ya kai a buɗe wa manomin Karakkai da na ƙauyukan Tsafe hanyar gonarsa ya shuka ya girbe ba tare da ya biya kowa ba. Ka tambayi Hukumar Zakka da Waƙafi ta jiha, wadda aka kafa bayan ƙaddamar da shari'a a 1999, ko tana da sunayen iyalan da suka baro ƙauyuka suka cika kangaye da ɗakunan haya na Gusau, domin da yawansu ba sa cikin wani sansani, kunya kuma ba ta barinsu su yi bara. Ka yi wa masu tara hatsi a sito wa'azi su ji tsoron Allah. Ka tuna wa mai hali cewa maƙwabcinsa da ya ga ba hayaƙi a gidansa tun safe yana da haƙƙi a kansa.

Kafin ka sake rubutu a kan matan gida, ina roƙonka ka sa iyalinka su kai ziyara ɗaya daga cikin irin waɗannan gidaje, su wuni daga hantsi zuwa isha'i, su dawo su gaya maka abin da suka gani. Yayata ta ce in faɗa maka gonarsu tana nan a Karakkai, damina uku ke nan ba a sa mata fartanya ba. Ta ce ku taya su roƙon hukuma a mayar da su gida lafiya, sauran aikin ta san yadda ake yinsa.